Holanci: Harshen Da Sai An Kai Ƙarshen Zance Ake Gane Inda Aka Dosa

Babu wata babbar kasuwa a ƙasar Hausa da ba a san sunan Holan a cikinta ba. Da zarar an ambaci sunan, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne atamfa, watau irin wadda kamfanin Vlisco yake bugawa a garin Helmond, inda aka kafa shi tun 1846. Amma kaɗan ne daga cikin masu saye da sayar da wannan atamfa suka san irin harshen da masu yin ta suke magana da shi. Wasu suna zaton Turanci ne, wasu kuwa su ce Jamusanci. Harshen nasu daban ne, sunansa Holanci, su kuma masu shi suna kiransa Nederlands.

Kimanin mutum miliyan 25 ne suka tashi da wannan harshe a bakinsu. Ban da ƙasar Holan kanta, yana cikin harsunan mulki a Beljiyam, inda mutanen arewacin ƙasar suke magana da shi, da ƙasar Surinam ta Kudancin Amurka, da kuma tsibiran Aruba da Curaçao da Sint Maarten. A 1980 Holan da Beljiyam suka ƙulla yarjejeniya, suka kafa wata hukuma mai suna Taalunie don kula da ƙa'idojin rubutunsa, Surinam kuma ta shiga a 2004. Saboda haka yadda ake rubuta kalma a Amsterdam haka ake rubuta ta a Antwerp da Paramaribo.

DALILIN KOYONSA

Baƙon da ya je yawon buɗe ido ko cinikin kwana biyu, Turanci ya ishe shi, gama wani bincike da Tarayyar Turai ta yi a 2012 ya nuna kashi 90 cikin 100 na mutanen Holan suna iya zance da Turanci. Amma ga wanda ya tafi da niyyar zama, al'amarin ya wuce nan. Tun daga watan Maris na 2006, ɗan Nijeriya ko Nijar ko Gana da ke son bin abokin aurensa mai zaman dindindin a Holan, tilas ne ya ci wata jarrabawar harshe a ofishin jakadancin ƙasar tun bai bar gida ba. Turawa suna da ma'aunin iya harshe mai hawa 6, daga A1 zuwa C2, wannan jarrabawa kuwa ta hawan farko ce.

In ya isa, sai wata ta biyo baya. Dokar da ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2022 ta ba sabon baƙo shekara 3 ya cika sharuɗɗan zama, ta kuma ɗaga matakin da ake so yawancin mutane su kai daga A2 zuwa B1, a fannin karatu da rubutu da saurare da magana. Takardar shaidar cin wannan jarrabawa tana cikin abin da ake tambayar mai neman izinin zama na dindindin ko zama ɗan ƙasa. Ke nan ga dubban 'yan Afirka ta Yamma, irin waɗanda ke zaune a unguwar Bijlmer ta Amsterdam, nahawun Holanci magana ce ta zama da iyali da samun aiki.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Wanda ya yi karatun boko, da ya buɗe littafin Holanci sai ya ji daɗi, domin zai ga kalmomi kamar "water" da "hand" da "warm" waɗanda rubutunsu da ma'anarsu ɗaya da na Turanci. Harsunan biyu 'yan ɗaki ɗaya ne, su da Jamusanci. Sai dai wannan kama ita ce tarkon farko. Kalmar "hoe", wadda ake furtawa "hu", ma'anarta yaya, alhali kunnen mai jin Turanci zai ji kamar ana tambayar wane ne. "Slim" na nufin mai wayo, "kind" yaro ne, "of" kuwa shi ne ko. Bugu da ƙari, tsarin jimlar Holanci ya yi hannun riga da na Turanci. Abin mamaki shi ne, yawancin wuraren da Turanci ke ɓatar da mai koyo, Hausa ko Larabci suna iya kama hannunsa su fid da shi. Bahaushe ya fi cin riba in ya auna Holanci da harshensa na gado da kuma karatunsa na allo.

MAƘOGWARO DA LEƁE

Abin da ke fara tsorata baƙo shi ne harafin "g". Ba a furta shi kamar na gida ko gona, daga can cikin maƙogwaro yake fitowa tamkar mutum zai yi kaki. Wanda ya yi karatun tajwidi ya riga ya san shi, domin kusan ɗaya yake da harafin da almajirai ke kira ha mai ruwa. Shi ne a farkon "goed", watau mai kyau, haka kuma ake furta "ch" a cikin "acht", watau takwas. Mutanen kudancin Holan da na Beljiyam suna sassauta shi, na arewa kuwa suna kankare shi sosai. Harafin "j" kuma "y" ake karanta shi, "oe" a karanta "u", sa'an nan "ij" yana kusa da "ai" na Hausa.

Bahaushe ya san bambancin dogon wasali da gajere, ko da yake ba ya rubuta shi. Ya san gari na mutane daban da gari na tuwo, ya san dafa abinci daban da dafa kafaɗa. Holanci yana da irin wannan, shi kuma yana rubutawa. "Man" namiji ne, "maan" wata. "Zon" rana ce, "zoon" ɗa. "Bom" shi ne bam, "boom" kuwa itace. Wurin da ake tuntuɓe shi ne jam'i, domin "man" ya kan zama "mannen", "maan" kuma ya zama "manen". Ƙa'idar ita ce, baƙi biyu a jere suna nuna wasalin da ke gabansu gajere ne, baƙi ɗaya kuwa ya bar shi da tsawonsa.

Inda Hausa ba ta da taimako shi ne tsakanin "p" da "f", gama ita ba ta raba su ba. A Holanci "pijn" ciwo ne, "fijn" kuwa daɗi, wanda ya haɗa su a gaban likita ya jawo wa kansa. Haka nan cunkoson baƙaƙe, kamar a "herfst", sunan lokacin zubar ganye, inda baƙi 4 suka jeru ba wasali a tsakani. Bahaushe ya saba cusa wasali a irin wannan wuri, yadda ya yi wa burodi. Abin da zai kwantar masa da hankali shi ne su ma masu harshen suna yin haka a wasu kalmomi, har a kan ji "melk", watau madara, ta fito kamar "melek".

RIGIMAR DE DA HET

Kowane suna a Holanci yana tafiya da ɗaya daga cikin ƙananan kalmomi biyu, "de" ko "het". Hausa ma ta raba sunaye gida biyu, shi ya sa ake cewa gidan nan amma motar nan. Don haka tunanin ba baƙo ba ne ga Bahaushe, kamar yadda yake baƙo ga Bature ɗan Ingila. Bambancin shi ne rabon Holanci ba na namiji da mace ba ne, domin "de man" da "de vrouw", watau namiji da mace, duk "de" suka ɗauka, gida kuwa "het huis", littafi "het boek". Kuma a Hausa wasalin ƙarshe ya kan tona jinsin kalma, a Holanci yawanci babu wata alama.

Duk da haka akwai 'yan ƙa'idojin da ke rage wahala. Sunayen "de" sun fi yawa nesa ba kusa ba. Duk jam'i "de" ne, saboda haka "het huis" ya kan koma "de huizen". Duk kalmar da aka ƙanƙanta da ɗafin "-je" ta zama "het", shi ya sa yarinya take "het meisje". Sunayen harsuna "het" ne, kalmomin da suka ƙare da "-heid" kuwa "de". Wani lokaci ma'ana kan rataya a kansu, alal misali "de pad" kwaɗo ne, "het pad" kuwa turba. Sifa ma tana bin su: ana cewa "een grote stad", babban birni, amma "een groot huis", babban gida, domin sunan "het" da ya zo bayan "een" ya kan sa sifa ta yar da wasalinta na ƙarshe. Shawarar da malamai ke bayarwa ita ce kada a haddace suna shi kaɗai, a haddace shi tare da abokin tafiyarsa tun ranar farko.

AWARTAKIN JIMLA

A nan ne gizo ke saƙa. Aikatau, watau kalmar da ke nuna aikin da ake yi, kamar ci ko tafi ko saya, a jimlar Holanci mazauninsa shi ne wuri na biyu, kome ya zo a farko. Mutum zai ce "Ik ga morgen naar Rotterdam", zan tafi Rotterdam gobe. In ya fara da gobe, tilas aikatau ya tsaya a wurinsa, mai aikin ya koma bayansa: "Morgen ga ik naar Rotterdam". Wanda ya ce "Morgen ik ga" za a gane shi, amma mai jarrabawa zai ja masa layi.

In kuwa aikatau biyu ne a jimla, sai na farko ya zauna a wuri na biyu, ɗayan kuma a tura shi can ƙarshe. "Ik heb gisteren op de markt rijst gekocht" na nufin na sayi shinkafa jiya a kasuwa, amma kalmar saye, "gekocht", ita ce ta rufe zancen. Masana nahawun Holanci suna kiran wannan tsari "tang", watau awartaki, domin aikatau biyun sun matse sauran kalmomi a tsakaninsu kamar yadda maƙeri ke riƙe ƙarfe. Bahaushe yana da awartakinsa, shi ne "ba" da "ba" na korewa. Mai cewa ban sayi shinkafa jiya a kasuwa ba, ya buɗe baki da "ba" ɗaya, ya riƙe ɗaya a ransa har ƙarshe. Wannan riƙon shi ne ake bukata a Holanci.

Akwai kuma aikatau masu rabewa biyu, kai ya tsaya a gaba, wutsiya ta tafi ƙarshe. "Ik doe het licht aan" na nufin ina kunna fitila, "Ik doe het licht uit" kuwa ina kashe ta. Kalmar ƙarshe kaɗai ta raba su, don haka mai katse wa Baholande magana ya kan tafi da rabin saƙo. Har wa yau, kalmomi irin su "omdat", saboda, da "dat", cewa, da "als", idan, suna kora aikatau gaba ɗaya zuwa ƙarshe. Ba zan zo ba saboda ba ni da lafiya, ana iya faɗinsa "Ik kom niet, want ik ben ziek", ko kuma "Ik kom niet omdat ik ziek ben". Ma'ana ɗaya ce, amma "want" ta bar "ben" a wurinsa, "omdat" ta kore shi. Sababbin masu koyo su kan fake da "want" don sauƙinta, mai neman B1 kuwa sai ya iya duka biyun.

AKWAI DA BABU, TSAYE DA KWANCE

Holanci yana da kalmomin korewa biyu, "niet" da "geen". Hanya mafi sauƙi ta raba su ita ce a tuna da babu. Duk inda ake nufin rashin wani abu, "geen" ce: "Ik heb geen geld", ba ni da kuɗi. Sauran wurare na "niet" ne, kamar "Ik weet het niet", ban sani ba. "Er is" da "er zijn" su ne akwai, "er is geen" kuma babu.

Mutanen Holan ba su cika cewa abu yana wuri kurum ba, sai sun faɗi yadda yake a wurin. Littafi yana kwance a kan tebur, "het boek ligt op tafel", kwalba tana tsaye, "de fles staat op tafel", kuɗi kuwa suna zaune a cikin aljihu, "het geld zit in mijn zak". Mai Turanci ya kan ruɗe da wannan, alhali Bahaushe da ya saba cewa ruwa na kwance ko mota na tsaye ba abin da zai ba shi mamaki.

LISSAFI DA AGOGO

Daga 21 zuwa 99 ana fara faɗin ƙaramar lamba kafin babba. 21 shi ne "eenentwintig", watau ɗaya da ishirin, daidai yadda Balarabe ke ƙirga. 85 "vijfentachtig" ne, 58 kuwa "achtenvijftig", mai rubuta lambar waya ko farashi in bai natsu ba sai ya juya su.

Agogo ya fi haɗari. "Half drie" ba uku da rabi ba ne, biyu da rabi ne, domin su suna duban sa'ar da ke tafe, watau an yi rabin hanya zuwa uku. Daga wannan rabin kuma suke ƙirga mintoci: "vijf voor half drie" shi ne biyu da minti 25, "tien over half drie" kuwa uku saura minti 20. "Kwart voor drie" kaɗai ya zo daidai da uku saura kwata. A ƙasar da ganin likita da shiga ofishin hukuma, kai har ziyarar aboki, duk sai da "afspraak", watau alkawarin lokaci, wanda ya ji "half drie" ya iso uku da rabi ya makara da sa'a guda cur, sau da yawa kuma sai ya nemi wata rana.

LADABI DA ƘANANAN KALMOMI

Kai ko ke iri biyu ne. "U" na girmamawa ne, ga dattijo da baƙo da ma'aikacin hukuma, kamar yadda ake ce wa babba ku a ƙasar Hausa. "Jij" ko "je" na aboki ne da yaro da abokin aiki. Mutanen Holan suna saurin komawa "je", amma baƙo ya fi tsira in ya fara da "u" har sai an ce masa "zeg maar je".

An san su da faɗin magana kai tsaye, a'a a wurinsu a'a ce, ba kwana-kwana. Taushin zancensu yana cikin wasu ƙananan kalmomi da ƙamus ba ya iya fassarawa, waɗanda aikinsu ɗaya da dai da mana da fa da ai a Hausa. "Kom binnen" umurni ne, "kom maar binnen" kuwa shigo mana. "Wacht even" shi ne ɗan dakata. "Je komt toch?" daidai yake da ai za ka zo ko? "Ja hoor" kuma i mana. Haka ɗafin "-je" yake aikin ɗan da 'yar: "een vraagje" 'yar tambaya, "een kopje thee" ɗan kofin shayi. Wanda ya bar waɗannan, nahawunsa na iya zama daidai amma a ji shi kamar mai ba da oda.

Sarauniya Máxima, 'yar asalin Ajantina, shaida ce a kan ƙarfinsu. Ran 30 ga Maris 2001, ranar da aka sanar da baikonta da Yarima Willem-Alexander, ta yi magana da Holanci a gaban 'yan jarida, ta kuma ce da wani kuskuren da yariman ya yi "een beetje dom", watau ya ɗan yi wauta. Wannan "een beetje" ita ta mai da suka ta zama raha, maganar kuwa ta shiga bakin jama'a har yau.

Gaisuwarsu gajeriya ce. "Goedemorgen" da safe, "goedemiddag" da rana, "goedenavond" da yamma. In an ce "Hoe gaat het?" amsar ita ce "Goed, en met u?", daga nan sai a shiga abin da ya kawo mutum, ba a bin gida da iyali da gajiya ɗaya bayan ɗaya. "Alstublieft" tana aiki biyu, don Allah da kuma ungo. "Dank u wel" na gode, "beterschap" ga majinyaci, "gecondoleerd" wajen ta'aziyya, "tot ziens" sai an jima. A bikin ranar haihuwa kuwa "gefeliciteerd" ake ce wa mai bikin da iyayensa da 'yan'uwansa duka, tamkar barkar suna.

Babban abin da ke hana baƙo ci gaba shi ne kirkin masu harshen. Da mai kanti ya ji harshe ya karye, sai ya juya zuwa Turanci don ya sauƙaƙa, da haka mutum zai shekara bai haɗa jimla goma ba. Maganin wannan jimloli uku ne da ya kamata su riga kome shiga kai: "Ik leer Nederlands", ina koyon Holanci, "Kunt u dat herhalen?", ko za a maimaita, da "Kunt u wat langzamer praten?", ko za a ɗan rage sauri. Ɗakunan karatu na garuruwa da yawa suna da zauren hira inda masu aikin sa kai ke zama da baƙi kyauta, sa'an nan labaran yara na talbijin da ake kira Jeugdjournaal, waɗanda aka fara tun 1981, ana karanta su da Holanci mai sauƙi kowace rana. Shekara 3 da doka ta bayar sun isa ga wanda ya yarda a yi masa gyara a kasuwa da tashar jirgi, domin matambayi ba ya ɓata.